Kafin mu sayi sabon turampet, mu duba bakin busa

A ajandar taron ƙarshen wata akwai batu ɗaya da nake so mu shiga zauren taro da fahimtarsa, wato kuɗin da kwamitin ilimi ya nema saboda 'yan badujalar makarantarmu ta firamare. Kwamitin ya kawo shawara biyu. Ta farko, a sayo sabon turampet guda biyu a ƙara a kan kayan da ke hannu. Ta biyu, a haƙura da sabo bana, a kashe kuɗin a kan bakin busa da man bawul da gyaran na hannu. Ni ina bayan ta biyu. A wurin taro aikina rubuta abin da wasu suka faɗa ne, ba kasafai nake samun sararin dogon bayani ba, shi ya sa na kawo nawa nan.

Ga halin da ake ciki. Muna da abin busa shida, duk gwanjo, waɗanda wani bawan Allah daga cikinmu ya bayar sadaka shekara biyu da suka wuce: turampet huɗu, konet biyu. Yaran da ke koyo su 14 ne. Bakin busa kuwa, wanda masu shago ke kira mauspis, guda biyar ne kacal, kuma duka biyar ɗin na turampet ne. Ma'ana konet biyun nan ba su da nasu, sannan yara 14 suna karɓa-karɓa da baki biyar, wannan ya cire daga leɓensa ya goge da gefen riga ya miƙa wa na kusa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin makaranta ranar Laraba da yamma ya ga abin da nake faɗa.

Da yawa daga cikinmu suna ɗauka ƙarfen ne ke yin ƙara. Na yi shekara huɗu ina busa a makarantar sakandare, na fara da begila na ƙare da turampet, kuma abu na farko da malaminmu ya koya mana shi ne ƙarfe bebe ne. Tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ne da ya yi ritaya, mutum mai ƙarancin magana. Mako biyu cur bai bar mu mun taɓa turampet ba. Bakin busa kawai ya ba mu, ya ce mu haɗe leɓe, mu tura iska ta tsakiya har leɓen ya yi ta karkarwa kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Wannan karkarwar ita ce muryar. Bututun da ke gaba aikinsa ya karɓe ta, ya daidaita ta, ya ƙara mata ƙarfi, ya fitar da ita ta buɗaɗɗen bakin nan mai kama da mazurari. In ka hura iska zalla ba tare da leɓe ya motsa ba, ko turampet na zinariya aka ba ka, huci kawai za a ji.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurin Bahaushe. Haka ake busa kakaki, haka ake busa ƙaho da farai. Masana kiɗa ma da leɓe suke rarrabe dangin, ba da irin ƙarfen ba. Shi ya sa ƙahon dabba yake ɗan uwan turampet na jini, amma saksofon, duk da tagullar da ke jikinsa, ba ya cikin gidan, domin ɗan siririn kara ne ke karkarwa a bakinsa kamar yadda yake a algaita. Littafin tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya kawo, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kuma kakakin bai tsaya a Arewa ba, ya shiga fadojin Nufawa da na Yarbawa da sunansa, har Oyo nan kusa da mu. Kalmar ta yi nisa har ta koma sunan mai magana da yawun wasu, muna cewa kakakin majalisa ba tare da mun tuna da ƙarfen ba.

Bambancin kakaki da turampet shi zai fahimtar da mu sauran bayanin. Bututu ɗaya mai tsawo ɗaya ba ya ba da kowace murya da kake so. Yana da wasu 'yan muryoyi nasa, kamar matakalar da aka cire wa wasu matakai, kuma mai busa yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan ne ta hanyar matse leɓe da ƙara saurin iska. Mai kakaki galibi murya biyu yake amfani da su, ta sama da ta ƙasa, kuma sun ishe shi ya kwaikwayi hawa da saukar harshen Hausa har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi. Begilar soja, wadda ita ma ba ta da maɓalli ko ɗaya, tana ba da kamar biyar: do, so, do, mi, so. Duk busar tashi da ta kwanciya da ta saukar da tuta a bariki a cikin waɗannan 'yan muryoyin aka gina su.

Abin da ya cike guraben matakalar shi ne bawul. Wasu Jamusawa biyu, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, suka yi rajistar ƙirƙirarsa a 1818, sannan wajen 1839 wani Bafaranshe mai suna François Périnet ya fito da irin fistan ɗin da ke jikin kayan yaranmu yau. Dabarar mai sauƙi ce. Tsawon bututun turampet, in da za a miƙe shi, ya kusa mita ɗaya da rabi. Kowane bawul in ka danna shi yana karkatar da iska ta bi wani ɗan ƙarin bututu kafin ta dawo hanya, sai tsawon ya ƙaru, murya ta sauka. Na tsakiya yana saukar da rabin mataki, na farko mataki ɗaya, na uku mataki ɗaya da rabi. In ka haɗa su ta hanyoyi dabam-dabam za ka samu tsawo bakwai, tamkar kana riƙe da begila bakwai a hannu ɗaya. Amma ku lura, yatsa uku ne kawai ke aiki. Zaɓen murya a cikin kowane tsawo har yanzu aikin leɓe ne, kuma leɓe a kan bakin busa yake zaune.

Yanzu turampet da konet. Na ji wani dattijo a kwamiti yana cewa konet ɗin nan "ƙananan turampet ne na yara". Kusan haka ne a ido, amma tsawon bututunsu ɗaya ne, muryar da aka ɗaure su a kai ɗaya ce, yadda ake danna yatsu ma ɗaya ne. Yaron da ya iya wannan ya iya wancan. An dai naɗe konet ne a dunƙule, shi ya sa ya fi gajarta a hannu. Babban bambancin yana ciki: bututun turampet yana tafiya da faɗi kusan ɗaya har sai ya kusa ƙarshe, na konet kuwa yana farawa a tsuke yana buɗewa sannu a hankali. Saboda haka muryar turampet take da kaifi tana ratsa fili, ta konet kuma take da taushi da kauri. A Faransa aka fara ƙera konet wajen 1830, kuma har gobe shi ne jagoran badujalar gargajiya ta Ingila, inda ba a sa turampet a sahu. Louis Armstrong, wanda ya zo Nijeriya a 1960, da konet ya fara koyo yana yaro a wani gidan horon yara a New Orleans kafin ya koma turampet.

To tunda konet a tsuke yake farawa, ramin da ake soka bakin busa a jikinsa ya fi na turampet ƙanƙanta. Bakin busar konet ya fi gajarta, wutsiyarsa ta fi siranta. In ka ɗauko na turampet ka cusa a konet, ɗan kaɗan zai shiga ya tsaya, sauran ya yi zuru a waje. Abu biyu ke biyo baya. Tsawon bututu ya ƙaru ba bisa ƙa'ida ba, sai muryar konet ɗin ta faɗo ƙasa da ta sauran, ana busa waƙa ɗaya amma kunne na jin kamar ana gardama. Sannan bai zauna daram ba, yana iya suɓucewa a tsakiyar maci ya faɗi a kan kwalta, in kuwa gefensa ya lotsa ya tashi daga aiki. In aka juya, aka sa na konet a turampet, sai ya nutse yana lilo, iska na zurarewa ta gefe. Wannan ne dalilin da ya sa malamin yaran ya ajiye konet biyun a akwati tun bara. Wasu sun ɗauka sun lalace ne. Na duba su da hannuna, bawul ɗinsu na tafiya sumul, babu huda, babu lotsawar kirki. Baki kawai suke jira. Abin takaicin shi ne su ne suka fi dacewa da ƙananan yaranmu 'yan aji huɗu, domin nauyinsu yana kusa da jiki, hannu ba ya saurin gajiya.

Ga lissafin da nake so mu yi: sabon turampet biyu zai kai mu kayan busa masu aiki shida, da baki bakwai tunda kowanne yana zuwa da nasa. Bakin konet biyu ma zai kai mu kayan busa masu aiki shida, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ragowar kuɗin ya isa a saya wa kowane yaro bakinsa.

Bari in ɗan tsaya a kan shi kansa bakin busan, don wanda za a aika sayayya ya san abin da zai duba. Ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, amma yana da sassa biyar. Akwai zoben da leɓe ke zama a kai. Akwai ƙoƙon da ke cikinsa. A gindin ƙoƙon akwai ɗan rami da ake kira maƙogwaro, faɗinsa bai kai milimita 4 ba. Daga nan ramin yana sake buɗewa a hankali ta ciki, shi ne ramin baya. Sai wutsiya, wadda ke shiga jikin abin busa. Kowanne yana da tasirinsa. Zobe mai faɗi da laushin gefe yana da daɗin zama a leɓe, mai kaifin gefe yana sa murya ta fito tsaf amma yana gajiyarwa. Ƙoƙo mai zurfi yana ba da murya mai kauri, marar zurfi yana ba da mai kaifi kuma yana taimakawa wajen hawa sama. Na konet na asali ƙoƙonsa ya fi zurfi, ya ɗan yi kama da mazurari, na turampet kuwa kamar ƙaramar tasa.

Lambobin da ake bugawa a jiki su ne suka fi rikita mutane. Wanda aka fi sani shi ne tsarin Vincent Bach, mutumin Ostiriya da aka haifa a 1890, mabushi ne kuma ya karanta injiniyanci, ya koma Amurka a 1914, ya fara ƙera bakin busa a New York a 1918. A tsarinsa lamba tana nuna faɗin ƙoƙo, kuma a juye take: ƙaramar lamba babban ƙoƙo, babbar lamba ƙaramin ƙoƙo. Harafin da ke biye yana nuna zurfi, A ya fi zurfi, ana tafiya ana raguwa har F. Wanda aka saba ba mai koyo shi ne 7C, matsakaici ta kowane ɓangare, faɗin cikinsa kamar milimita 16. Yamaha kuwa nasu lissafin a miƙe yake, babbar lamba babban ƙoƙo, kuma wanda suke sakawa a akwatin turampet ɗin masu koyo 11B4 ne, wanda bai yi nisa da 7C ba. Don haka kada wanda aka aika ya ga 11 ya ce ya fi 7 girma ko ƙanƙanta, sai ya san na wane kamfani ne. A ɓangaren konet, na Denis Wick na Ingila sun yi suna, musamman 4B, sai dai zurfinsu yana neman iska mai yawa. Ga yaranmu ni dai 7C mai wutsiyar konet nake ba da shawara. Ku riƙe wannan: 7C akwai na turampet, akwai na konet, lamba ɗaya, wutsiya dabam. Mai shago zai iya miƙo maka kowanne ya ce ai duk ɗaya ne. Maganin gardama shi ne a tafi da konet ɗin shagon a gwada a gabansa.

Yawancin 7C da ke kasuwa ba kamfanin Bach ne ya yi su ba, lambar kawai aka ara. Wannan bai dame ni ba a matakin firamare, muddin zoben yana da santsi in ka shafa da yatsa, wutsiyar a zagaye take ba ta lanƙwashe ba, kuma rufin azurfar bai ɓare ba. Batun rufin nan ba na ado ba ne. Ainihin ƙarfen tagulla ce, haɗin jan ƙarfe da tutiya, kuma irin wadda ake gogewa a inji sau da yawa akwai ɗan dalma a cikinta. In azurfar ta goge tagulla ta fito, tana iya sa leɓe ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma ba abin da za ka so ɗanka ya riƙa tsotsa ba ne kullum. Biyu daga cikin biyar ɗinmu sun riga sun yi rawaya a zobe. Akwai kuma na roba mai tauri, masu araha, ba sa lotsewa in sun faɗi, ba sa ɗaukar zafin rana. Muryarsu ba ta kai ta ƙarfe cika ba, amma ga yaro mai maci a fili ba laifi.

Dalilin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lafiya. Mura, ciwon maƙogwaro, ƙurajen nan da ke fitowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi, duk suna bin yawu. Ba ma yarda yaranmu su yi tarayya a buroshin haƙori ko asuwaki, amma mun zuba ido 14 suna tarayya a baki biyar. Da hunturu abin ya fi muni, leɓe ya tsage, wani har da jini. Iyaye mata biyu sun riga sun cire 'ya'yansu saboda wannan, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai dalilin koyo. Yaro ba zai tafi da turampet gida ba, ba ma za mu yarda ba. Amma bakin busa yana shiga aljihu. Minti goma a rana yana karkaɗa leɓe a kai, yana hawa yana sauka, ba tare da ya tashi maƙwabta ba, ya fi masa awa biyun Laraba da yake kashe rabinsu a layin jira. Naman leɓe kamar kowane nama ne, da maimaici yake ƙarfi, kuma yana sabawa da zobe ɗaya. Yaron da yau aka ba shi wannan gobe wancan kullum sabon farawa yake yi. In leɓe bai yi ƙarfi ba, dabarar da yaro ke komawa gare ta ita ce danna ƙarfen da ƙarfi a kan haƙora don ya kai muryar sama. Za ka gan su bayan atisaye da jan zobe a leɓe kamar an buga musu hatimi. Armstrong kansa, da duk gwanintarsa, ya yi fama da tsagewar leɓe tsawon rayuwarsa. Shi ya sa ma nake goyon bayan malamin da ya ƙi karɓar yaran da haƙoransu na gaba ba su gama fitowa ba, ko da iyaye sun ji haushi.

Ragowar kuɗin kuma ga inda nake so ya tafi. Man bawul na ainihi, kwalba uku ko huɗu. Na taɓa buɗe ɗaya daga cikin kayan na ji warin man gyaɗa. Wanda ya zuba da kyakkyawar niyya ya yi, amma man girki yana daskarewa ya zama danƙo, man inji kuma ya yi kauri, ratar da ke tsakanin fistan da gidansa ba ta kai kaurin gashi ba. Kowane fistan yana da lambarsa, 1, 2, 3, in aka musanya su ko aka juya ɗaya, iska ba za ta wuce ba sam. Sai ɗan buroshin wanke bakin busa, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu duk mako. A hana yara busa da ƙuli-ƙuli ko alewa a baki, su kurkure tukuna, domin duk abin da ke baki cikin bututu yake ƙarewa. Ruwan da ke taruwa a ciki yawancinsa tururin numfashi ne, akwai ɗan makulli da ake dannawa a zubar. A danshin Ibadan, in aka rufe akwati da jiƙaƙƙen turampet, tsatsar tagulla takan ci bututun farko daga ciki, ta fara da ɗigon ja-ja a waje ta ƙare da huda.

Abu na ƙarshe a jerin shi ne ɗan injin cire bakin busa in ya maƙale. Yara suna son buga shi da tafin hannu don ƙarar "fof" da yake yi, haka yake cijewa. Sakawa ake yi a hankali a ɗan murɗa kaɗan, shi ke nan. In ya cije, filaya ba ta cire shi, sai dai ta murɗe bututun ta ɓalle liƙin da ke riƙe da shi. Ɗaya daga cikin turampet huɗun haka ya samu tabon da ke wuyansa, bayan an kai shi wurin wani mai walda. Injin guda ɗaya ya ishe mu shekaru.

Na san hujjar masu son sabo, kuma ba ta banza ba ce. Ranar 27 ga Mayu yaranmu za su yi maci a Adamasingba tare da makarantun da kayansu ke walƙiya, kuma babu mai son a ce 'ya'yan Sabo ne suka zo da tsofaffin ƙarafa. Ni ma ina jin wannan. Garin nan ya san busa, mutanen da suka tashi da turampet ɗin Victor Olaiya a kunne ba za a ruɗe su ba. Amma daga kan benen 'yan kallo ba a ganin tabon wuyan turampet, ana dai jin ko shidan sun tashi tare sun sauka tare a murya ɗaya. Tsumma mai laushi zai dawo da rabin walƙiyar. In Allah ya kai mu baɗi, yaran sun ƙaru, aljihun ƙungiya ya ɗan yi nauyi, ni zan fara ɗaga hannu a sayo sabo, kuma a lokacin ma zan ce a fara da babban abin busa mai muryar ƙasa, domin shi ne babu a sahun gaba ɗaya.

Abin da zan gabatar a taro shi ne baki 14: goma na turampet, huɗu na konet don ƙananan su riƙa karɓa-karɓar konet ɗin kowa da bakinsa. A rubuta lamba a jikin kowanne, a shigar da sunan yaro a littafi, uba ko uwa su sa hannu, wanda ya ɓatar ya biya. Uku masu kyau daga cikin tsofaffin su zauna a wurin malam saboda ko-ta-kwana. In akwai tsohon soja ko ɗan sanda a cikinmu da ke da bakin busa a ajiye a gida, don Allah ya zo da shi ranar taro, za mu gwada wutsiyarsa a nan take mu ga na wanne ne.